Hukuncin Naɗar Hirar Zawarawa Domin Binciken Digiri

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a fannin halayyar ɗan Adam da ba da shawara, a nan Samaru, Zariya. Bincikena kan damuwar da mata ke shiga ne bayan saki. Ina bin gidajen zawarawa a Tudun Wada da cikin birni, suna ba ni labarin aurensu, har da aibin mazajen. Da na lura ba sa sakin jiki in sun ga waya, sai na koma kunna ta cikin jaka ba su sani ba. Wasunsu 'yan unguwarmu ne. Yayana ya ce gulma nake saurare, kuma karatun ma bai halatta ba, tunda Allah ya ce ruhi al'amarinsa ne. Kwanan nan ko barci ba na iya yi.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, abin da ya hana ki barci daban, abin da ya kamata ya hana ki daban.

Sauraron mace tana faɗin abin da ya same ta domin a nemo magani ya halatta. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyana gaban Annabi (SAW) bai hana ta ba. A hadisin Ummu Zar'in kuwa, mata goma sha ɗaya suka siffanta mazajensu, malamai suka ce ambaton wanda ba a san ko wane ne ba bai shiga giba. To amma kin ce wasu 'yan unguwarku ne, kin san mazajen ido da ido. Waɗannan ki bar su, ki nemi wasu daga nesa.

Inda hukuncin ya juya shi ne wayar nan ta cikin jaka. Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya yi zance sannan ya waiga, zancen nan amana ne. Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Matar da ta ga waya ta kame baki ta riga ta faɗa miki ba ta yarda ba. Naɗar muryarta bayan haka ha'inci ne, haramun ne, kyakkyawar niyya ba ta halatta shi. Ko ƙa'idar binciken jami'a ba ta yarda a ɗauki bayanin mutum sai da amincewarsa. Ki tuba, ki koma wurin kowacce ki faɗa mata gaskiya. Wadda ta yafe ta amince, ki yi aiki da nata, ki sauya suna da unguwa. Wadda ta ƙi, ki goge a gabanta, ko da zai jinkirta miki kammalawa. Ki sanar da malamin da ke duba aikinki.

Maganar yayanki kan karatun kuwa, na sha jin ta a bakin mutanen kirki, amma ba daidai ba ce. Ayar Suratul Isra'i ta 85 ta ce ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Ina hani a ciki? Masu tafsiri ma sun saɓa kan wane ruhi aka tambaya: wasu sun ce Jibrilu ne, wasu sun ce Alƙur'ani. Ko mun ɗauka ran ɗan Adam ne, haƙiƙarsa aka ɓoye mana, ba a ɓoye tsoro da fushi da baƙin cikin da ke bayyana a kan mutum ba, kuma su kike nazari. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya yi littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sananniyar sila da wanda ke zuwa haka kawai, ya yi bayanin waswasi da maganinsa. Imamu Gazali ya fayyace zuciya da ruhi da nafsu da hankali a cikin littafinsa Ihya'u, wanda ake karantawa a zaurukanmu na Zazzau har gobe. Su ba su san ayar ba ne?

Gaskiya ne Freud, wani fitaccen Bature masanin halayyar ɗan Adam, ya kira addini ruɗu, wasu masana falsafa kuma suna cewa babu komai a ɗan Adam sai ƙwaƙwalwa. Wannan ra'ayinsu ne, babu na'urar da ta auna shi. Ki karanta shi, ki rubuta a jarrabawa cewa wane ne ya faɗa, ba kufurci ba ne matuƙar ba ki ƙudurce shi ba. Farfesa Malik Badri na Sudan ya yi wa Musulmin fannin wannan tankaɗe da rairaya tun 1979. Ki nemi rubutunsa. In muka guje wa fannin, wa zai saurari matanmu?

Ki kiyaye abu biyu. Wadda ke cikin iddar sakin kome matar aure ce har yanzu, kada wata kalma taki ta ƙara ɓata mata mijin, kuma kada ki ba ta fatawa kan adadin saki, ki tura ta wurin malami ko alƙali. Wadda kuma ta ambaci kashe kanta, sirri ya ƙare a nan: ki sanar da wani babba nata, a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, tare da addu'a.

Ke ma nauyin labaran nan yana taruwa a ƙirji. Ki rage yawan hira a rana, ki riƙe azkar na kwanciya, in rashin barcin ya zarce ki ga likita. Yayanki kishinki yake yi, ki karanta masa wannan amsa cikin ladabi. Wallahu a'alam.