Me ya haɗa Dumas da marubutan Romantisizim?

Tambaya: Malam, na ga ana lissafa Alexandre Dumas cikin marubutan Romantisizim tare da Victor Hugo. Ni kuwa labaran takobi da sukuwa kawai na san shi da su. Ina haɗin?

Amsa: Malama, haɗin daga dandalin wasan kwaikwayo ya faro. Matasan marubutan Faransa na wajajen 1820 sun gaji da tsoffin ƙa'idoji, masu cewa sai wasa ya gudana a wuri ɗaya cikin yini ɗaya. Suna son a ga fushi, kishi da jarumta ƙiri-ƙiri, kuma a ɗebo labari daga tarihin ƙasarsu maimakon na Girka da Rum. Masu wannan sabon salo su ne ake kira marubutan Romantisizim a Faransa. Dumas na sahun gaba: wasansa a kan Sarki Henri III ya fito a 1829, shekara guda kafin "Hernani" na Hugo, wanda ya tayar da hatsaniya tsakanin 'yan kallo a Paris.

A fannin littattafan ƙagaggun labarai kuwa, Walter Scott na Sikotilan ne ya nuna musu hanya. Shi ya ƙware wajen jefa ƙagaggen mutum cikin rikicin sarakuna na gaskiya, har ya kafa "Quentin Durward" na 1823 a Faransar zamanin Louis XI. Alfred de Vigny ya bi sahu da "Cinq-Mars" a 1826, Hugo da "Notre-Dame de Paris" a 1831.

Abin da ya bambanta Dumas shi ne jarida. Daga 1836 jaridu masu araha irin su La Presse da Le Siècle suka fara buga labari kashi-kashi don riƙe masu saye. Wanda ke son a dawo gobe dole ya tsaya daidai inda rai ya tashi. Dumas, da ya saba da hirar dandali, ya rage dogon bayani, ya cika shafi da zance da artabu. Haka "Les Trois Mousquetaires" ya fito a Le Siècle a 1844, Auguste Maquet na taya shi tsara labarin. D'Artagnan, jarumin labarin, mutum ne na gaske, ya mutu a yaƙin Maastricht a 1673, amma Dumas ya ja rayuwarsa baya don ta haɗu da makircin Kadinal Richelieu, babban wazirin Sarki Louis XIII. Masana tarihi sukan yi tsaki a nan. Ni ban ga laifinsa ba, tunda bai ce darasi yake koyarwa ba.

In kina neman ruhin Romantisizim a littafin, dubi Athos, ɗaya daga cikin dakaru ukun da littafin ya ɗauki sunansu: basarake mai ɓoyayyen ciwo a zuciya, yana binne baƙin cikinsa a kwalba.