Tambaya da Amsa: Wane gadon tsalle zan saya wa ɗan shekara 4?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 4 ya ga gadon tsallen nan da ake kira tiramfolin a wurin wasan yara, tun daga ranar ya hana ni sakat. Yana da yayye biyu, mai shekara 7 da mai shekara 10. Mai shago ya ce in ɗauki babba mai faɗin ƙafa 12 don su hau gaba ɗaya. Tsakar gidanmu intalok ne. Me za ku ba ni shawara? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarar mai shagon nan ta ciniki ce, kada ki bi ta. Abin da ya kawo a matsayin dalilin saye, wato su hau tare, shi ne ainihin abin da ke kai yara asibiti. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a bayaninta na 2012, ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na raunukan tiramfolin suna faruwa ne idan fiye da mutum ɗaya na tsalle a kai, kuma ƙarami ya fi shan wuya. Ƙungiyar ma ba ta goyon bayan ajiye shi a gida. Masu kula da kare haɗurra a Ingila kuwa sun ce bai dace da yaron da bai kai shekara 6 ba.

Ga yadda abin ke faruwa. Idan babba ya dira, shimfiɗar tana lotsawa sannan ta dawo sama da ƙarfi. In ƙaramin ya sauko daidai lokacin da take tasowa, ƙafarsa za ta gamu da abu mai tauri da ke tunkaro ta. Ƙashin ƙwaurin yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 bai gama ƙwari ba, sai ya tsage a ƙasan gwiwa kaɗan, alhali yaron bai faɗo ƙasa ba, babu jini, wani lokacin ko kumburi babu sosai. Duk yaron da ya sauko daga tsalle ya ƙi taka ƙafa, a kai shi asibiti a yi hoton ƙashi kafin a ce targaɗe ne a hau murza.

Ra'ayinmu shi ne ki jira ya cika 6. In kuma rigimar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ki nemi ƙaramin nan na yara mai faɗin ƙafa 4 da rabi, wanda tsayinsa daga ƙasa bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba, mai raga kewaye, kuma shi kaɗai zai riƙa hawa kina tsaye. Yayyen nasa mai ƙafa 8 ya ishe su, tunda ɗaya bayan ɗaya za su yi.

Sai maganar intalok. Ba a kafa tiramfolin a kan siminti ko tayil ko intalok. Ƙafafunsa suna zamewa, ƙarfen yana jijjiga har wajen haɗin ya saki, wanda kuma ya faɗo ya faɗo kan dutse. Ana son ƙasa mai laushi kuma miƙaƙƙiya, ciyawa ko yashi, da fili na mita 2 da rabi ta kowane gefe, babu katanga, babu tankin ruwa, babu janareta. Ta sama ma a duba, kada a samu reshen bishiya, igiyar shanya ko wayar wuta. In babu wuri sai intalok ɗin, a cire tubalan wajen a zuba yashi. In gidan bai da wannan fili, to gidan bai da wurin tiramfolin.

A shago, ki fara da ragar. Wadda aka ɗinke ta cikin zagayen sifirin, wato murɗaɗɗun ƙarafan da ke riƙe shimfiɗar, ta fi wadda aka kafa ta bayansu, domin yaro ba zai taɓa ƙarfe ba ko ya faɗa gefe. Ƙofar ta zama mai zif da maɗauri, sandunan da ke riƙe da ragar kuma su kasance an naɗe su da soso. Katifar da ke rufe sifirin ta kai kaurin santimita 2, ta rufe su duka har da ƙarfen zagaye. Ki matsa ta da yatsa: in kin ji ƙarfe, ta yi siriri. Ƙarfen ya zama wanda aka yi wa rufin hana tsatsa ciki da waje, ba fenti kawai ba, kaurinsa kamar milimita 1.5. A jikin kwali ko takarda ki nemi EN 71-14, ƙa'idar Turai, ko ASTM F381, ta Amurka, tare da nauyin da aka yarda ya ɗauka. Tsani kuwa, ko kyauta aka ba ki, ki riƙa ɗauke shi bayan wasa, don shi ne hanyar da ɗan ƙaramin zai hau kina kicin.

Wajen haɗawa, ba a jera sifirin bi da bi. A sa ɗaya, a sa na ɗaya gefen da ke fuskantarsa, sannan dama da hagu, a ci gaba da raba tsakani har su ƙare. In an jera su gefe guda, shimfiɗar za ta karkace kuma na ƙarshe ba za su shiga ba. A ɗaure gadon da turaku huɗu masu murɗawa cikin ƙasa, saboda guguwar farkon damina tana iya ɗaga shi ta tsallakar da shi katanga. Doka ga yara: mutum ɗaya, babu takalmi, babu alkafura, babu shiga ƙarƙashi. Alkafura ce ke jawo raunin wuya, wanda shi ne mafi muni.

Tambaya: Na sayi tiramfolin na hannu bara, yanzu ragar ta fara yagewa da kanta. In kai wa tela? Daga wani magidanci a Zinder.

Amsa: Malam, ba aikin tela ba ne. Rana ce ta cinye zaren, kuma inda bai yage ba ma ya riga ya mutu. Ja shi da hannu a wurare uku ko huɗu; in yana tsinkewa ko yana barin gari a yatsa, a canja ragar gaba ɗaya. Kafin ka saya, auna faɗin ƙarfen zagaye daga baki zuwa baki, ka ƙirga sandunan, domin ragar mai sanda 6 ba ta hawa mai sanda 8. Tunda ka zo, duba ɗinkin da ke riƙe ƙugiyoyin shimfiɗa, da sifirin da suka miƙe ba sa komawa, da tsatsa a wajen walda. Sifirin ana auna shi ne bayan an cire, daga ƙugiya zuwa ƙugiya. Sabuwar ragar za ta fi daɗewa in kana rufe gadon da tamfol da rana, amma a zafin Zinder ka sa rai da canja ta duk shekara ɗaya zuwa biyu. Kafin ta iso, kada kowa ya hau.