Sannu, nawa da gosulon Legas

Wani mai sayar da albasa a Mile 12 ya tambaya: Malam, "sannu" gaisuwa ce ko rage sauri?

Duka biyun ne ɗan'uwa, kuma ni a ganina gaisuwar daga rage saurin ta fito. In ka iske mutum yana sauke buhuna ka ce masa sannu da aiki, ai ce masa kake ya bi a hankali kar ya ji wa kansa ciwo, haka sannu da jiki ga majinyaci, haka sannu ga wanda ya yi tuntuɓe. Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda yaran yanzu ke gutsure karin magana, sai ka ji an ce "sannu ba ta hana zuwa" an yi shiru, to ina sauran? "Sai dai a daɗe ba a je ba" fa? Wutsiyar nan ita ce gishirin maganar wallahi, Bahaushe bai ce sannu kyauta ba ce, ya faɗa maka kuɗinta, wato lokacinka. Rannan a Idi-Araba na ji wani matashi ya kawo rabin karin don ya kare kansa, alhali shekara uku ke nan yana cewa zai koma makaranta. Wannan ba sannu ba ce.

Wata Hajiya daga Agege: mene ne bambancin sannu da nawa?

Hajiya, sannu zaɓi ce, nawa kuwa aibi ne. Mai tafiya sannu ya san inda ya dosa, shi ya sa aka ce sannu sannu kwana nesa. Mai nawa shi ne wanda za ki aika kasuwa da hantsi ya dawo bayan la'asar. Kuma ki lura, "sauri ya haifi nawa" ba tambayar adadin 'ya'ya ba ce kamar yadda wasu ke karantawa, nufi shi ne garaje kan jawo ɓata lokaci.

Wani direban tirela a Apapa: "gosulo" Hausa ce?

Aro ce daga Turanci, wato "go-slow", cunkoson motoci, kuma ta zauna daram a bakinmu, duk wanda ya taɓa maƙalewa a gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 ba sai an fassara masa ba. Amma a rubutu ka sa "cunkoso", muna da abinmu.

Wata ɗaliba: me ake amsa wa sannu?

Yauwa, sannu kadai. Ba "na gode" ba, 'yata.