Re: Wai me ya haɗa Indiya da Caina ne?

Assalamu alaikum jama'a. Malam mai tambaya, ka ce kana mamakin yadda Indiya da Caina suke zama tebur ɗaya a ƙungiyar ƙasashe ta BRICS ana musabaha ana ɗaukar hoto, amma kullum sai ka ji ba sa ga maciji da juna, wai mene ne asalin abin. Na ga wasu sun ce maka gasar kasuwa ce kawai. Kasuwa na ciki, amma wallahi ba ita ce tushe ba. Ni a kusa da Delhi na yi karatun haɗa magunguna, ina can korona ta same mu, yanzu kuma harkar kaya tana kai ni Guangzhou, don haka na ji ta bakin kowane ɓangare.

Tushen maganar iyaka ce. Tsakaninsu akwai sama da kilomita 3,000 a kan tsaunukan Himalaya da har yau ba a shata ba, kowa da nasa zanen. Kamar gona biyu ne da kakanni suka mutu ba su kafa shaida a tsakani ba, duk damina sai an yi cacar baki. Ta gabas akwai layin McMahon da Turawan Ingila suka ja da mutanen Tibet a 1914, Indiya ta riƙe shi, Caina ta ce ita ba ta taɓa amincewa da shi ba, shi ya sa har gobe take kiran jihar Arunachal Pradesh da Kudancin Tibet. Ta yamma kuma akwai Aksai Chin, wajen murabba'in kilomita 38,000, yana hannun Caina amma Indiya ta ce nata ne, kuma Caina ta shimfiɗa titi a ciki tun shekarun 1950 da ya haɗa Xinjiang da Tibet kafin ma Indiya ta farga.

Amma abin da ya fi ci wa Indiyawa tuwo a ƙwarya shi ne 1962. Kafin nan Nehru, firaministan Indiya na lokacin, ya rungumi Caina hannu bibbiyu, har ana rera taken cewa Ba'indiye da ɗan Caina 'yan uwa ne. Sai Dalai Lama, jagoran addini na mutanen Tibet da ke ƙarƙashin Caina, ya gudo Indiya a 1959 aka ba shi mafaka, Beijing ta ƙullaci abin, ga maganar iyaka tana ta tsami, ranar 20 ga Oktoban 1962 yaƙi ya ɓarke. Cikin wata guda sojojin Caina suka yi wa na Indiya kaca-kaca, sannan suka tsagaita wuta don kansu suka ja baya ta gabas. Malam wannan ciwon bai warke ba. Dattijon da nake haya a gidansa yana yaro lokacin, amma in ya tashi ba ni labarin yadda mata suka riƙa cire zinarensu suna ba gwamnati gudummawar yaƙi, da yadda aka tura sojoji kan dusar ƙanƙara ba isassun kayan sanyi, sai ka ga idonsa ya kawo ruwa. Shi a wurinsa cin amana ne, kuma haka ya koya wa jikokinsa.

Sai ga faɗan kwarin Galwan, a kan iyakar ta yamma, ranar 15 ga Yunin 2020. Muna kulle a ɗaki labari ya fito cewa an kashe sojojin Indiya 20, kuma ba da bindiga ba, da sanduna da duwatsu aka yi cikin dare, saboda akwai yarjejeniyar 1996 da ta hana harbi a kusa da layin. Caina sai a Fabrairun 2021 ta ce nata huɗu ne suka mutu. Sati biyu bayan faɗan gwamnati ta haramta manhajojin Caina 59 har da TikTok, muka wayi gari ta daina aiki a wayoyinmu. A unguwarmu na ga matasa sun fito da hoton shugaban Caina Xi Jinping sun cinna masa wuta, shaguna sun manna takarda cewa ba sa sayar da kayan Caina.

To anan kasuwar ta shigo, kuma ita ce take ƙara musu takaici. Ka shiga kasuwar waya ta Gaffar a Karol Bagh, Xiaomi ne, Vivo, Oppo, Realme, duk na Caina. A fanninmu ma, Indiya da ake wa kirari da kantin maganin duniya, wajen kashi 70 cikin 100 na sinadaran magani da take shigowa da su daga Caina suke zuwa, malamanmu da bakinsu suke faɗa a aji. Giɓin cinikin da Indiya take da shi da Caina ya kusa dala biliyan 100 a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025. Mutum yana jin haushinka amma ba zai iya buɗe masana'antarsa ba sai da kayanka, ai dole abin ya dame shi.

Ga kuma Pakistan, wadda in ka ambace ta a Delhi sai fuska ta canza. Caina ce babbar ƙawarta, ita ke sayar mata da mafi yawan makamai, kuma hanyar da take ginawa zuwa tashar ruwa ta Gwadar a Pakistan ta ratsa ɓangaren Kashmir da Indiya ke cewa nata ne. Ƙara da tashar Hambantota ta Sri Lanka da aka ba kamfanin Caina hayar shekara 99 a 2017, sai Indiya ta ga kamar zagaye ta ake yi. Ita ma Caina tana kallon shigar Indiya ƙawancen Quad da Amurka da Japan da Ostareliya a matsayin haɗa baki da maƙiyi.

Abin da ya fi ba ni mamaki sai da na fara zuwa Guangzhou. Abokan cinikina can, in ka kawo maganar Indiya ba ta wani ɗaga musu hankali, wasu ma 1962 ɗin sama-sama suka san ta, su Amurka ce a gabansu sai Japan da Taiwan. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Indiya tana auna kanta da Caina dare da rana, Caina kuwa ba ta ɗauke ta tsara ba, alhali tattalin arzikinta ya ninka na Indiya fiye da sau huɗu. Raini ya fi duka ciwo.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan arewa maso gabashin Indiya, irin su Manipur da Nagaland, masu kama da 'yan Caina a fuska. Akwai wata 'yar ajinmu daga can, lokacin annobar a gabana wani mai kayan miya ya kira ta korona ya ƙi karɓar kuɗinta, yarinyar da ɗan uwanta soja ne a rundunar Indiya. Ta koma ɗaki tana kuka. Haka ma a 1962 aka kwashe 'yan asalin Caina mazauna Indiya kusan 3,000 aka tsare su a sansanin Deoli a Rajasthan, wasu shekaru suka yi a ciki.

Yanzu dai an ɗan sassauta, firaministan Indiya Modi da Xi sun gana a Kazan ta ƙasar Rasha a Oktoban 2024 bayan an daidaita kan sintiri a iyaka, jiragen kai tsaye ma sun dawo a ƙarshen 2025. Amma kar ka ɗauka an gama. Caina ta fara gina ƙatuwar madatsar ruwa a kogin Yarlung Tsangpo, wanda shi ne yake gangarowa ya zama Brahmaputra da miliyoyin mutane a Assam da Bangladesh suke rayuwa a kansa. Sannan Dalai Lama ya cika shekara 90 a Yulin 2025, ya ce ofishinsa ne kaɗai zai nemo magajinsa, Beijing ta ce sai da amincewarta, shi kuma yana zaune a Dharamsala cikin ƙasar Indiya. Duk ranar da ta Allah ta kasance a kansa, mai yiwuwa a samu magada biyu, kuma dole Delhi ta zaɓi wanda za ta yi wa masauki.