Kwana Huɗu a Istanbul: Me Zan Tanada a Wayata Kafin Tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana za mu je Istanbul hutun kwana huɗu. Ba ma jin Turkanci, kuma ba ma son guzurinmu ya ƙare a kuɗin tasi. An ce mini in na sauke taswirar Google a waya, ba na buƙatar data ko kaɗan. Haka ne? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Wanda ya gaya miki haka bai ƙarasa miki zancen ba. Taswirar da kika sauke a Google Maps za ta nuna miki inda kike tsaye ko babu data, domin GPS da tauraron ɗan Adam yake aiki, ba da layin waya ba. Za ta kuma nuna hanyar mota. Amma ba za ta ce miki hau jirgi kaza, sauka tasha kaza ba, haka ma hanyar tafiya a ƙafa, sai da intanet. Su kuwa waɗannan biyun ne ainihin abin da baƙo yake buƙata a Istanbul, inda cunkoson motoci kan sa tafiyar minti goma ta cinye awa guda.

Saboda haka ki sauke taswirar tun kina gida, sannan ki ƙara da Organic Maps, wadda kyauta ce kuma tana nuna hanyar ƙafa babu data. Kowace safiya, kafin ku bar intanet ɗin otal, ki nemo hanyoyin wuraren da za ku je a ranar, ki ɗauki hotonsu a waya. Adireshin otal ma ki ajiye shi yadda aka rubuta da Turkanci, don nuna wa direba.

Abin da zai rage muku kashe kuɗi shi ne Istanbulkart, katin da ake saye a na'urorin da ke bakin tashoshi a zuba masa kuɗi. Da shi ake shiga bas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jirgin kan titi, da jirgin ruwan fito. Ki riƙe sunan layin jirgin kan titi na T1 da kyau. Shi ne yake bi ta Sultanahmet, inda Ayasofya da Masallacin Sultan Ahmet suke fuskantar juna, ya tsaya a Beyazıt bakin babbar kasuwa mai rufi, ya kuma bi ta Laleli, unguwar da 'yan kasuwarmu masu saro kaya suka sani sarai. A Eminönü za ku sauka ku hau jirgin ruwa zuwa Kadıköy ko Üsküdar, ku tsallaka daga Turai zuwa Asiya da wannan katin dai. Ni a ganina wannan fiton, musamman dab da magariba, ya fi wasu yawon da ake biya wa kuɗi mai yawa. Daga babban filin jirgi akwai layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 da aka buɗe a 2023, amma in kayanku da nauyi, bas ɗin Havaist ya fi sauƙi. In tasi ta kama dole, ki kira ta manhajar BiTaksi ko Uber, ki ga kimanin kuɗin tun kafin ki shiga.

Tambaya: Malam, layin can zan saya ko in bar nawa na gida ya yi aiki? Kuma in na canza layi, WhatsApp ɗina zai tafi? Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

Amsa: WhatsApp ɗinka ba ya zuwa ko'ina, ɗan'uwa. Yana nan kan tsohuwar lambarka ko ka sa wani layi, muddin ba ka danna canza lamba ba. Layin gida ka bar shi a waya saboda saƙon banki, amma ka kashe masa data tun kafin jirgi ya tashi, don datar ƙasar waje tana lashe kuɗi kamar wutar daji.

Ka danna *#06#. In ka ga lamba mai suna EID, wayarka na ɗaukar eSIM, wato layin da ake sauke shi ba tare da kati ba. iPhone daga XS zuwa sama suna da shi, yawancin ƙananan wayoyin da ke kasuwanninmu kuwa ba su da shi. Ka saya ka girka shi tun kana gida. In babu, sai ka sayi layin can na Turkcell, Vodafone ko Türk Telekom, da fasfonka a hannu, kuma shagunan cikin gari sun fi na filin jirgi rangwame. Za ka ji ana cewa Turkiyya na toshe wayar baƙi. Wannan sai waya ta yi kwana 120 da layin ƙasar ba rajista, bai shafi mai kwana huɗu ba.

Tambaya: Cajin wayata ba ya kai la'asar. Yaya zan yi a can?

Amsa: A can ma sai ya fi saurin ƙarewa, domin taswira da kyamara su ne manyan masu shan caji. Ka nemi pawa bank mai 20,000mAh, bai kai iyakar 100Wh da jiragen sama suka yarda da ita ba, kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin awo ba. Soket ɗin Turkiyya mai ramuka biyu zagayayyu ne. Mutanen Nijar cajarsu za ta shiga kai tsaye, amma mai caja ta Najeriya mai ƙafa uku ya sayi adafta a kasuwar waya kafin ranar tafiya.