Ina so in buɗe gidan abinci a Sakkwato, amma ina tsoron asiri

Tambaya: Malam, na yi ritaya daga aikin koyarwa, ina so in zuba kuɗin sallamata a gidan abinci a Mabera. Sai dai mutum biyu a layinmu sun buɗe sun rufe kafin shekara ta zagayo, ana cewa asiri aka yi musu. An ba ni shawara in fara neman maganin kasuwa. Hankalina ya ƙi kwanciya, don in kuɗin nan suka salwanta ba ni da wasu.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma kada ki ba kowa ko sisi da sunan maganin kasuwa. Maganar nan tana ƙona mini rai, domin kusan kullum sai an zo mini da ita. Wanda zai ba ki laya ki binne a bakin ƙofa, ai da yana da sirrin jawo ciniki da kansa ya fara yi wa. Azkar da addu'a sun ishe ki.

Abin da ke rufe yawancin gidajen abincin da nake dubawa shi ne ɗaukar ciniki a matsayin riba. Da dare mai gidan abinci ta buɗe aljihun tebur ta ga kuɗi jingim, ta zari na cefanen gida, ta zari na anko, ƙanin miji ya shigo da abokansa su ci shinkafa da kaza su ce a rubuta. Gari na wayewa a je Kasuwar Daji, kuɗin nama ba su cika ba, sai a karɓa bashi. Daga nan sai a rage nama a faranti, a tsinka miya, masu zuwa su janye ɗaya bayan ɗaya, sannan a ce hannu aka sa. Kuɗin aljihun teburin nan na mai shinkafa ne da mai gas da mahauci da mai shago da yaran aiki. Naki shi ne abin da ya rage bayan kowa ya karɓi nasa. Ki yanka wa kanki albashi, ki ware asusun sana'a daban, ki auna abin da faranti ɗaya yake ci miki tun daga cokalin mai har ledar ƙulli. Kowa ya ci ya biya, ko ɗan cikinki ne.

Kada kuma ki narkar da jarin duka a kujeru da fenti. Ki ajiye abin da zai riƙe ki wata uku zuwa shida ko ciniki bai kankama ba. Da azumi cinikin rana mutuwa yake yi. Zafin Afrilu yana haura digiri 40, miyar safe kan lalace kafin la'asar in babu firiji, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya zama abokin rabon riba. Masu dogaro da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo kaɗai sun ji jiki a yajin aikin wata takwas da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi a 2022.

Batun takardu ba shi da wuya. Rajistar sunan kasuwanci a shafin intanet na CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ake yin ta, ba sai kin bi ta hannun 'yan kamasho ba. Ki je ofishin duba-gari na ƙaramar hukumarki kafin su zo miki, a yi wa masu girkinki gwajin lafiya, kuma duk kuɗin da kika biya ki karɓi rasit.