Amsa: me ya sa malamin ya ce "waind"?

Ɗan'uwa, ka ce kun karanta jimlar "wind the clock" a aji, malaminku ya furta "waind", kai kuwa iska kawai ka san kalmar wind tana nufi. Malaminku bai yi kuskure ba. Kalmomi biyu ne rubutunsu ya zo ɗaya.

Ta farko, wadda ake furtawa "wind", ita ce iska. Amma ko ita ba ta tsaya kan iskar hunturu ba. A Ingila idan ciki ya kumbura da iska, wind suke cewa, haka ma in uwa ta ɗora jariri a kafaɗa tana bubbuga bayansa don ya yi gyatsa. Algaita da kakaki da sarewa duk wind instruments ne, tunda busa su ake yi. In kuma ka ga "get wind of", to ƙishin-ƙishin ɗin magana aka ji.

Ta biyun, "waind", aikatau ce: naɗewa ko murɗawa, kamar naɗe zare a jikin kara, ko wana agogon da ba ya amfani da batir. Hanya mai kwana-kwana ma da ita ake siffanta ta. A dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020, winding up na nufin rushe kamfani a biya masu binsa bashi.

Inda na fi so ka kula shi ne shuɗaɗɗen lokacinta: wound, a furta "waund". Rauni ma haka ake rubuta shi, amma shi "wuund" ake cewa. Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, don haka ka riƙa duba jimlar gaba ɗaya kafin ka furta.